DARASIN ZANE: YADDA ZA MU SA WA JARUMAN BAƘI TUFAFIN GIDA

Kowane malami da ya taɓa tara littattafan aikin yara domin ya duba, ya san abin da a kan tarar a shafin ƙarshe. A can ne yaro ya kan zana wani ƙato mai faɗin ƙirji, mayafi yana kaɗawa a bayansa, ko kuwa wani mai jar riga yana lilo da zaren gizo-gizo. Malamai da yawa su kan ɗauki wannan ɓarnar takarda ne, har wani ya kai ga ɗaukar bulala. Amma in mun duba da kyau, yaron nan ya yi abin da mu ke ta fama mu sa shi ya yi a lokacin darasin zane, watau ya dubi abu, ya riƙe siffarsa a ka, ya fitar da ita da hannunsa, ba wanda ya tilasta masa. Aibin abin ɗaya ne, kwaikwayo ne zalla. Nufina a wannan darasi in nuna wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta yadda za mu karɓi sha'awar nan mu juya ta, har yaro ya bar kwafar aikin wani ya soma ƙago nasa.

1. Daga ina jaruman nan su ka fito?

Tilas malami ya san asalin abin da zai koyar. Jaruman nan an haife su ne a Amurka, cikin ƙananan littattafan labari da zane waɗanda yara ke kira komik. Babbansu shi ne Superman, wanda ya fara fitowa a 1938 cikin Action Comics na farko. Samari biyu na birnin Cleveland su ka ƙago shi, Jerry Siegel yana rubutu, Joe Shuster yana zane. Batman ya biyo baya a 1939, Wonder Woman da Captain America a 1941, Spider-Man kuwa sai 1962, daga hannun Stan Lee da Steve Ditko. Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta almara mai suna Wakanda, ya fito a 1966.

Akwai abu biyu cikin tarihin nan da ya kamata yaranmu su ji. Na fari, Shuster ɗan talakawa ne, a farkon aikinsa har a bayan takardar manna wa bango da takardar ƙunshe kaya ya ke zane, don ba shi da kuɗin sayen ta kirki. Saboda haka rashin kayan aiki ba hujja ba ne. Na biyu, tufafin Superman ba daga sama su ka faɗo ba. Matsattsiyar riga da gajeren wando a bisa dogo, shigar ƙartin da ke wasan nuna ƙarfi ce a dandalin Amurka a zamanin. Masu zanen sun dubi abin da ke kewaye da su ne, su ka ɗauka. Wani abin sha'awa a gare mu mutanen ƙasar kuza, a fitowa ta 3 ta Action Comics, cikin 1938 ɗin nan, abokin gabar Superman ba dodo ba ne, wani mai ramin haƙar ma'adini ne da ya ƙi gyara raminsa har ya rufta da lebura.

2. Aro ba laifi ba ne

Kada wani ya ce juya jarumin baƙi sabon abu ne a ƙasar Hausa. Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi, na Malam Ahmadu Ingawa, asalinsa labarin wani gwarzon ƙasar Rasha ne mai suna Ilya Muromets, amma an juya shi har mai karatu ya zaci ɗan garinsu ne. Alhaji Abubakar Imam kuma ya ɗebo labaru daga Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya sa musu sunaye da sarautu da ɗabi'un Hausa cikin Magana Jari Ce. Abin da su ka yi da alƙalami, shi mu ke so yara su yi da fensir.

A fannin zane ma haka ne. A 1958 waɗansu ɗalibai na Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su ka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun Turawa sarai, sa'an nan a gauraya su da zanen gargajiya na gida. Okeke ya ɗauki zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai.

Masu komik su kansu sun bi wannan hanya. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, baƙin jarumi ne, ko da ya ke Turawan Ingila biyu ne ke zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland. A 2004 aka yi Spider-Man na Indiya, yaro mai suna Pavitr Prabhakar, yana ɗaure da zanen mazan ƙasarsu, yana tsalle a birnin Mumbai. A Ikko, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, Roye Okupe kuma ya fitar da Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya samo siffarta daga tarihin Amina ta Zazzau. To, tun da na Ikko da na Indiya sun yi, me zai hana yaron Tudun Wada?

3. Ƙashi da tsoka

Ga dabarar da dukan darasin ya dogara a kanta. Kowane jarumi yana da ƙashi, yana da tsoka. Ƙashin shi ne ainihin labarinsa, tsokar kuwa ita ce tufafinsa da garinsa da launin fatarsa. Za mu riƙe ƙashin, mu sāke tsokar. Domin a gane ƙashin, malami ya rubuta tambayoyi 4 a allo:

(a) Mene ne asalinsa?
(b) Ina ƙarfinsa ya ke?
(c) Mene ne lagonsa?
(d) Wa ya ke tsarewa, daga wace masifa?

Mu gwada da Batman. Maraya ne, ɓarawo ya kashe iyayensa a gabansa yana yaro. Ba shi da wani ƙarfin sihiri, sai horon jiki da basira da kayan aiki. Lagonsa shi ne mutum ne kamar kowa, yana jin ciwo. Yana tsaron garinsa da dare, ya ɗauki siffar jemage domin ya tsorata miyagu. To, wane ne a ƙasarmu ya ke fita da dare, ya ke da haƙuri da dabara, ya ke kuma sa siffar wata halitta a kansa? Maharbi ke nan, mai ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe har ya kusaci nama. Nan da nan mun sami sabon jarumi: maraya ne, maharba su ka rene shi, yana da hular burtu mai dogon baki, da warki, da kwari da baka, da ɗamara mai aljihuna maimakon ta Batman. Wanda ya san Batman zai gane dangantakar, amma ba wanda zai ce an kwafa.

Mu gwada da Superman. Baƙo ne da aka tsinta yana jariri, manoma su ka rene shi, yana ɓoye ƙarfinsa cikin tufafin ma'aikaci mai sanyin hali. Namu sai a ce wasu manoman acca ne su ka tsince shi a gindin duwatsun Shere. Da rana malamin firamare ne mai tabarau. Aikinsa kuwa a nan kusa ya ke: tsofaffin ramukan kuza da su ka cika da ruwa a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, inda yara da dabbobi kan faɗa, da ramukan da ke rufta wa masu haƙa.

Spider-Man yana bukatar lura. Yara za su ce Gizo ne, amma Gizo na tatsuniya mayaudari ne mai son kansa, Spider-Man kuwa yaron makaranta ne matalauci mai nauyin goggonsa a wuya. Ga tambaya mai daɗi ga aji: in Gizo ya tuba ya koma taimakon mutane da wayonsa, yaya kamanninsa za su zama? Me Ƙoƙi za ta ce?

'Yan mata kada a bar su a baya. Wonder Woman tana da igiya mai sa mutum ya faɗi gaskiya, da mundaye masu kare harbi. Mundaye da awarwaro muna da su, igiyar guga ma tana nan a bakin kowace rijiya.

4. Awon jiki

Yanzu sai aikin hannu. Masu zane suna auna jiki da tsawon kai, daga tsakar ka zuwa haɓa. Baligi na sosai tsawonsa wajen kai 7 da rabi ne. Jariri wajen kai 4 ne, shi ya sa in kai ya yi girma a zane sai mutum ya yi kama da yaro. Jarumi a kan ba shi kai 8 ko fiye kaɗan, gama ƙaramin kai a bisa dogon jiki shi ke ba da kwarjini.

Malami ya ja layi a tsaye a allo, ya raba shi kashi 8 daidai, yara su yi haka a takardunsu, kowane kashi inci 1. Kashi na fari kai ne. Ƙarshen na 2 ya faɗa a ƙirji, na 3 a cibiya, na 4 a inda ƙafafu su ka rabu, watau tsakiyar jiki ke nan. Ƙarshen na 6 yana ƙasa da gwiwa kaɗan, na 8 tafin ƙafa. Gwiwar hannu tana daidai da cibiya, yatsun hannu kuwa suna kai wa tsakiyar cinya. Kuskuren da yara su ka fi yi shi ne gajerun hannuwa da gajerun ƙafafu. Maganinsa a tsai da yaro ɗaya a gaban aji, ya saki hannuwansa, kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

A fuska, idanu suna tsakiyar kai ne, ba a can sama ba inda yara ke sa su. Tsakanin ido da ido akwai faɗin ido ɗaya. Kunne ya kan fara daga daidai gira ya ƙare daidai ƙasan hanci.

Bayan awo sai motsi. Jarumin da ya tsaya ƙiƙam kamar turken awaki ba ya burge kowa. Kafin a zana kome, a ja layi ɗaya mai lanƙwasa daga kai zuwa ƙafa, wanda ke nuna inda ƙarfin jiki ya nufa. A bisa layin nan a gina mutum da 'yan sanduna, sa'an nan a mai da ƙirji kamar tulu, hannuwa da ƙafafu kamar guntayen rake, gaɓoɓi kamar goriba. Tufafi su ne na ƙarshe. Wanda ya ke son ya ga motsi na gaske, ya dubi ɗan dambe sa'ad da ya miƙa hannun tsaro gaba, ya ja wanda aka naɗe da kara baya, ya ware ƙafafu. Ba littafin Amurka da ya fi wannan tsayuwa kyau.

Amma awon kai 8 ba doka ba ce daga sama. Duk ajin da ya sami hali ya ziyarci Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. A can akwai siffofin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, shekarunsu kuwa sun wuce 2,000. Masu ginin nan sun ba kai girma ƙwarai, har ya kan kai kashi 1 cikin 3 ko 4 na jiki, sun yi ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, sun ƙawata kitso. Ba rashin iyawa ba ne, zaɓi ne. Yaron da ya ƙware da awon farko, a bar shi ya gwada jaruminsa da idon Nok.

5. Tufafi, launi da wuri

Kowane abu a jikin jarumin Amurka yana da ɗan'uwa a nan. Mayafin baya, alkyabba ce, ga ta kuwa da amfani a garin da ya ke wajen ƙafa 4,000 bisa teku, inda sanyin hunturu ke shiga ƙashi. Abin rufe fuska, rawani ne da amawali. Sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa duk suna nan a hawan salla. Alamar ƙirji kuwa, maimakon harafin Turanci, yaro ya dubi aikin wuyan babbar riga, kamar aska takwas, ko zanen ƙwarya, ko adon bangon soro. Yaran Birom da Afizere da Anaguta da Angas su kawo na gidajensu: fatu, da duwatsun wuya, da ƙaho, da gashin tsuntsu irin na ranar biki. Sharaɗi ɗaya ne, yaro ya iya faɗin amfanin kowane abu da ya sa. In ya rataya wa jaruminsa ƙaho, ya gaya mana wa zai kira da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. Yaro ya cike siffar jaruminsa da gawayi baƙi ƙirin, ta zama kamar inuwa, a ɗaga ta daga ƙarshen aji. In an gane ko wane ne daga inuwar kaɗai, zanen ya yi. Batman da kunnuwansa biyu a ke gane shi, namu kuwa da bakin burtu.

Game da launi, jaruman farko sun sha ja da shuɗi da rawaya ne domin injin buga littattafan da tawada 4 ya ke aiki, a bisa takarda mai araha, launukan nan kuwa su ne su ka fi fita sarai. Miyagu a kan ba su kore da shunayya. Mu ma mu taƙaita, launi 3 sun isa. Inda ba fenti, akwai jar ƙasa, da farar ƙasa, da gawayi, da shuni, da gangamau, da ruwan zoɓo. A niƙa, a tace, a dama da ɗan ƙaro domin ya kama takarda. Bayan takardar buhun siminti da kwalin sabulu suna ɗaukar gawayi da alli da kyau.

Wuri kuma kada a manta da shi. Yara su kan zana dogayen benaye na New York waɗanda ba su taɓa gani ba, alhali ga duwatsu a ɗore bisa juna a bayan gidajensu, ga gidajen kwano suna hawa tudu, ga shingen ƙerana, ga Gandun Namun Daji na Jos a maƙwabtansu. A fitar da su waje na minti 10 su zana dutse ɗaya da gida ɗaya, su kawo su sa a bayan jarumin.

6. Gargaɗi uku

Na fari, kuma mafi nauyi, shi ne maganar mugu. Ba jarumi sai da abokin gaba, kuma a nan ne zane ya kan zama dafi. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu masu komik na Amurka sun riƙa zana Japanawa da munanan kamanni, mutanen Afirka ma an daɗe ana zana su kamar wawaye. Mu a Jos mun ga tashin hankali a Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010, har unguwanni su ka rabu. Yaran da za mu koyar sun tashi suna jin manya suna cewa "mu" da "su". In malami bai kula ba, zai ga mugu ya fito da hula ko tsagar fuska ko alamar addinin maƙwabci. Saboda haka a kafa doka tun ranar fari: mugu ba ya sa tufafin wata kabila, ba ya ɗaukar alamar wani addini. A gane shi da aikinsa, ko kuwa ya zama gobara, ko ambaliya, ko cuta, ko mai ɓoye hatsi lokacin yunwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na biyu, akwai iyaye Musulmi da ba su yarda 'ya'yansu su zana siffar mai rai ba. Kada malami ya yi gardama da su, kada kuma ya rage wa yaron maki. A ba shi zanen alkyabba da garkuwa da tambari da garin jarumin, ya yi aiki tare da wani. Annabawa da tsarkaka kuwa, na kowane addini, ba a mai da su jaruman wasa.

Na uku, maganar haƙƙin mallaka. Superman da Batman na kamfanin DC ne, Spider-Man da Black Panther na Marvel. Yaro ya zana su a littafinsa don koyo, wannan dabam ne da mutum ya buga su da sunansu da alamarsu ya kai kasuwa. Wannan ma wani dalili ne na ƙago namu. A kuma gaya wa yara yadda Siegel da Shuster su ka sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, kamfani ya yi ta samun dukiya, su kuwa sai a 1975 aka yanka musu fansho aka amince a mai da sunayensu bisa aikin. Kowane yaro ya saba rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasan zanensa.

7. Tsarin koyarwa

Wannan ya dace da aji 5 da aji 6, a darasi 3 na minti 40.

Darasi na 1: labari da tambayoyi 4. Kowane yaro ya zaɓi jarumin da ya sani, ya amsa tambayoyin, ya raɗa wa nasa suna da Hausa ko da harshen gidansu. Aikin gida, ya tambayi wani tsoho sunayen kayan maharba ko na mayaƙan dā guda 5.

Darasi na 2: awon jiki da layin motsi. Yara su riƙa tsayawa bi da bi, minti 2 kowanne, saura suna zanawa. Ba a yarda da abin goge fensir ba a wannan rana, domin hannu ya saki.

Darasi na 3: tufafi, launi da wuri, sa'an nan gwajin inuwa. A manna dukan zanen a bango, ba na gwanaye kaɗai ba, kowa ya yi bayanin nasa cikin jimla 3.

Wajen ba da maki, cikin 20 a ba awo 5, motsi 5, tsabtar aiki 2, sauran 8 kuwa na abin da yaro ya kawo daga gida ne. Ta haka wanda ya kwafi Superman tsaf ba zai wuce 12 ba, wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna amma ya yi tunani zai iya wuce shi. A bayyana wa aji wannan rabo tun kafin su fara.

Aiki ga mai karatu: kafin ka shiga aji da wannan darasi, ka yi shi da kanka. Ɗauki Captain America da garkuwarsa, ka amsa tambayoyi 4, ka zana naka a kai 8, ka sāke zana shi da awon Nok. Waɗanda su ka gama su kawo nasu a manna a allon sanarwa na kwaleji, mu ga irin mayaƙan da za su fito.